Hatimin Da Ajji Ta Yanke

Na ga saƙonninku, da masu cewa na yi shiru da yawa, da masu cewa wai amarci ne ya ɓoye ni. Wane amarci ana zaune ƙalau? Ku dai gyara zama in ba ku labarin wani guntun dalma da bai kai ƙwayar gahawa biyu ba, wanda ya tsaya tsakanina da gidanmu, ya kuma tsaya tsakanina da Kushal.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Nila, shekarata ashirin da shida. Aikina in zauna gefen yayana Bopu a cikin motar tsere ina karanta masa hanya. Shi yana tuƙi, ni ina gaya masa abin da ke bayan kwanar da idonsa bai kai ba, dama ce ko hagu, akwai gada ko akwai rami. Shekara shida muna haka a hanyoyin gonakin gahawa, bai taɓa ce mini "kin tabbata?" ba. In na ce ya taka, takawa yake, ko da bishiya yake gani a gabansa.

Mahaifinmu, Appa Somaiah, shi ne mai ƙungiyar tserenmu, in har mota ɗaya da makanikai biyu a tsohuwar rumfar shanya gahawa sun isa a kira su ƙungiya. Shekara da shekaru manyan ƙungiyoyin birnin Bengaluru suna canza inji a kowace gasa kamar riga, ƙananan irinmu kuwa suna rufe gareji ɗaya bayan ɗaya. Appa ya yi shekara uku yana zarya zuwa taron hukumar gasa da fayil a hammata, har bana aka gaji da shi aka kafa doka. Inji ɗaya za ka yi shekara da shi. A farkon shekara a ɗaure shi da siririyar waya, a matse bakinta da hatimin dalma mai lamba. In hatimin ya tsinke ka faɗa da bakinka, a ƙara maka minti goma. In ka ɓoye aka kama ka, shekara guda ba kai ba gasa.

An ce a wurin taron wani ya tambaya, to in tsautsayi ne fa? Appa ya daki tebur ya ce, "Ko ɓera ne ya ci, minti goma!" Ya san in aka bar ƙofa, garejin masu kuɗi duk sai sun cika da ɓeraye. Tun daga ranar ake kiranta dokar Somaiah. Albarkacinta muka wayi gari mu ne a sama da maki huɗu, saura gasa ɗaya tak, abin da gidanmu bai taɓa gani ba.

Shi kuwa mai matse hatimin nan, Kushal ne, jami'in duba motoci na hukuma. Farkon haɗuwarmu hular kwanona ya ƙi amincewa da ita, wai kwananta ya ƙare da sati biyu. Na zage shi a raina tas. Yanzu ga ni da zoben da ya murɗa mini da ragowar wayar hatimi, rataye a sarƙar wuyana, iyayensa kuma za su zo gidanmu ranar Litinin ta bayan gasa a tsayar da ranar baiko. Ku riƙe wannan Litinin ɗin a ranku.

Ranar Talata aka yi Ayuda Puja, ranar da duk wani ƙarfe na gida yake hutawa a wanke shi a sa masa fure, tun daga tarakta har keken ɗinkin Avva, mahaifiyarmu. Na ɗaura koren sari mai bakin zinariya, na tattare shi ta baya, na maƙale a kafaɗar dama da tsohon fil ɗin Avva mai jan dutse, na soka fararen furanni a gashi. Na tsaya jikin motar na ɗauki hoto na tura wa Kushal.

*Motar aka yi wa ado ko mai motar?* ya rubuto.

*Zo ka bincika da kanka.*

*Sai Asabar. Da biro da takarda zan zo, ba sani ba sabo.*

Na yi dariya ni kaɗai kamar wata sakarya, ban san abin da ke jirana ba.

An jera sifanu da filaya da jak a kan ganyen ayaba, kowanne da ɗigon turaren sandal da jan gari. Kakarmu Ajji, shekararta tamanin da biyu, ba ta yarda wani ya yi wa mota ado in ba ita ba. Ta ce tun jif ɗin mijinta ita ke yi, kuma bai taɓa faɗawa rami ba sai shekarar da ta kwanta asibiti surukarta ta yi. Avva takan taɓe baki kawai in an zo nan. Bopu ya ɗaga mata murfin inji don shi ma injin ya samu ɗigonsa, ya tafi ɗauko lemon tsami. Ni ina can ina gyara hoto. Ajji tana ta aikinta da almakashin datse reshen gahawa, tana yanka zaren furanni tana 'yar waƙarta.

Aka rufe murfi, aka sa lemo ƙarƙashin kowace taya, Bopu ya murza su suka fashe, ma'aikatan gona suka yi tafi. Ajji ta zagayo da tire tana raba gasasshiyar shinkafa da mazarƙwaila. Na miƙa hannu zan ɗiba, sai idona ya sauka a kan wani abu a gefen tiren, cikin guntayen zare da karan fure.

Hatimin injinmu ne. Lambar ma na haddace ta, sifili huɗu ɗaya bakwai.

"Ajji," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "wannan fa daga ina?"

"Wannan? Wata ƙazamar waya ce na tarar an ɗaure wa mota baki da ita, duk baƙin mai. Ranar hutunta ma ba za a kwance baiwar Allah ta sha iska ba? Na datse na ɗaura mata fure a wurin. Ungo, kunji, 'yar jikata, ci."

Bopu ya fizgi murfin inji da ƙarfin da ya kusa ɓalle shi. Ga sarƙar furanni ruwan ɗorawa, an ɗaure ta tsaf a cikin hujin da wayar take. Ya dafe kai da hannu biyu. Appa ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai da farin zanensa sabo fil.

"Kaveramme! Me ya faru kuka yi tsuru-tsuru kamar an yi mutuwa?" in ji Ajji, wadda in ta razana sai ta kira sunan abar bautarta. "In wayar ce a sayo wata mana. Nawa take?"

Bopu ya yi wata dariya da gara a ce kuka ya yi.

Da rana aka zuba dunƙulen shinkafa da miyar kabewa, babu wanda ya kai loma uku. An lallaɓa Ajji ta je ta kwanta. Ruwa ya fara yayyafi a kan rufin baranda. Ina kallon Avva tana juya cokali, na san akwai magana a bakinta, na kuma san inda za ta faɗo.

"Ni dai da a ce za a ji tawa," ta fara, "ai abin a gida yake. Waye yake matse abin nan? Ba Kushal ba ne?"

"Avva!"

"Kar ki yi mini Avva. Sata muka yi? Injin nan an buɗe shi? Ko kusa guda an taɓa? Tsohuwa ce ta yi kuskure a ranar ibada. Ya zo ranar Alhamis ya sha shayi, ya shiga gareji minti biyu, ya fito. Wa ya gani?"

"Filayarsa lamba gare ta. Duk hatimin da ya matsa sai ya rubuta."

"To ya manta bai rubuta ba. Shi ba ɗan Adam ba ne?"

Bopu ya taso ya durƙusa a gabana. Yayana guda, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsa mini. Ya kama hannuna.

"Nila, shekarata talatin da huɗu. Kin san ba zan sake ganin irin wannan shekarar ba. Minti goma fa. A gasar da ake raba na ɗaya da na biyu da daƙiƙa shida. Kuma ki bar ta tawa, ki dubi Appa. Kin san abin da za su ce? Za su ce Somaiah ya kafa doka don ya ɗaure wasu, shi ya koma gida ya buɗe injinsa. Wa zai yarda da labarin kaka da fure? Ke za ki yarda in wani ya ba ki?"

Gaskiya ba zan yarda ba. Da ni ce ta farkon yin dariya.

Na juya wajen Appa. Wallahi da ya buɗe baki ya ce "a'a, ba za a yi haka a gidana ba," da na rungume shi. Da kuma ya ce "je ki roƙe shi," da na san da wa nake faɗa. Amma sai ya zuba wa ruwan sama ido yana murza gashin bakinsa, ya bar su suna ta magana. Wannan shirun nasa ya fi komai yi mini ciwo, don na gane shi ma so yake, bakinsa ne kawai ba zai iya faɗa ba.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Avva tana tattara kwanuka. "In yana sonki da gaske, yanzu za mu gani. In kuma takarda ya fi so, gara mu sani kafin Litinin."

Ranar Alhamis da la'asar na same shi a wani ɗan shagon gahawa a garin Madikeri. Na sa shuɗiyar doguwar riga da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, ku ji fa, har da turare, kamar mai zuwa cin kasuwa. Tun a mota nake bitar maganar. Kushal, wani ɗan abu ya faru. Kushal, ka san Ajji. Kushal, in da a ce. Hatimin yana cikin jakata a ƙulle a gefen hankici, ina jin nauyinsa kamar na ɗauko dutsen niƙa.

Ya iso da farar rigarsa mai guga, ya ja kujera da hannun hagu kamar kullum, don bahago ne. Ya dube ni ya ce, "Kin rame. Bopu Anna ne yake hana ki barci da lissafin maki?" Anna a yarenmu shi ne yaya.

"Kusan haka."

"Bari in ba ki labari ki yi dariya. Jiya shugabanmu ya kira ni, wai zai cire ni daga duba motarku, tunda kowa ya san maganarmu. Wai mutanen Bengaluru sun fara gunaguni."

"Sai ka ce me?"

"Ban ce komai ba, fayil ya buɗe. Ashe tun watan jiya Appanki ya rubuta musu wasiƙa da hannunsa. Ya ce in akwai mutum ɗaya da ya yarda ya duba motarsa a gaban kowa, ni ne, don ya san ko uwata ce ta kawo mota ba zan ɗaga mata ƙafa ba." Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Nila, mahaifina bai taɓa faɗar irin wannan a kaina ba. Na ɗauki hoton wasiƙar. Kin gani?"

Ya miƙo mini wayarsa. Rubutun Appa ne, mai kwanciya gefe, da sa hannunsa mai kama da ƙugiya.

Ku gaya mini, ku da kuka iya ba da shawara, ta ina zan fara? Mutum yana zaune a gabana idonsa na ƙyalli don surukinsa ya kira shi mai gaskiya, ni kuma in ciro hankici in ce to ga dama ta samu, zo ka zama maƙaryaci? Na shanye gahawar da zafinta har ta ƙona mini harshe. Muka yi hirar kalar sarin da zan ɗaura ranar Litinin. Ya ce innarsa ta fara soya kayan da za su zo da su. Na dawo gida da hatimin a jaka yadda na fita da shi.

"Ya ce me?" Avva ta tare ni tun daga bakin ƙofa.

"Ban tambaye shi ba."

Ta yi ƙwafa ta juya. Daren nan ko sannu ba ta ce mini ba.

Ranar Juma'a muka zagaya hanyar gasar a hankali, ni da Bopu, yana faɗa ina rubutawa. Ban da maganar kwana babu abin da ya haɗa mu. A zangon farko, kilomita biyu da tashi, akwai wani tudu da ba a ganin bayansa, kana hawa hanya ta karye hagu, a dama kuma gangare ne har rafi. Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa da jan biro kamar yadda na saba.

Da muka dawo da yamma ya ce in ba shi hatimin. Na bi shi gareji. Ya sallami makanikai ya ja ƙofa. Ashe ya samo sabuwar waya irin ta hukuma. Ya buɗe bakin dalmar da tsinin allura a hankali, ya zare tsohuwar, ya zura sabuwa ta cikin hujin, ya murɗa, ya matse yadda lambar ba ta ɓaci ba, ya shafe da baƙin mai da ƙura. Hannun yayana hannu ne, ko ni da na san komai sai da na ƙura ido.

"Shi ke nan, na sauke miki," ya ce yana goge hannu. "Ba sai kin roƙi kowa ba. Gobe ki sa hannu a fom cewa hatimi lafiya, ki yi masa murmushinki, ya wuce. Shi bai sani ba, bai yi laifi ba. Kowa ya huta."

A nan ne zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Ina tsaye ina wasa da zoben wuyana, sai na dubi murɗin zoben, na dubi murɗin da ke jikin injin. Ba ɗaya ba ne. Kushal hagu yake murɗa waya, Bopu kuwa dama ya murɗa. Duk duniya babu wanda zai lura, sai mai hannun da ya yi na farkon.

Kalma uku ce. Anna, juya murɗin. Da na faɗa, da ya gyara cikin minti biyar, da Kushal ya duba ya wuce bai san komai ba, Litinin ta zo a sha shagali. Ni kuma in zauna da shi shekara arba'in, yana nuna wa 'ya'yanmu hoton wasiƙar Appa, ni kaɗai na san a kan me ya sa hannu. Bopu ya sauke murfin inji ya kashe fitila. Na gani, kuma ban faɗa ba.

Asabar da safe filin makarantar da ake duba motoci ya cika. Manyan motocin kayan Bengaluru sun kafa rumfuna masu launi, makanikansu goma-goma da riguna iri ɗaya. Mu kuwa tamu rumfar tamfol ce da Appa ya ɗaure a jikin jif. Kowace mota da sauran jan gari a goshi da busassun furanni a madubi. Ina cikin kayan tsere, baƙi da ja, zufa tana bin bayana tun rana ba ta ɗaga ba.

Motoci uku ne a gabanmu, sai biyu, sai ɗaya. Ina ta lissafi a raina. In ya gani ya yi shiru, na mayar da shi abin da ba shi ba, kuma ba zai taɓa yafe wa kansa ba. In ya gani ya faɗa, ɓoyewa ce, shekara guda ke nan, kuma da hannunsa ya rufe garejin Appa. Gaba kura, baya sayaki.

"Mota ta bakwai!"

Muka tura ta ƙarƙashin rumfa. Kushal da rigar hukuma da kati a wuya, wasu jami'ai biyu a bayansa, ga manajan babbar ƙungiyar Bengaluru, wani mai baƙin tabarau, ya matso ya harɗe hannu yana kallo. Kushal ko murmushi bai yi mini ba.

"Mai karanta hanya, ga fom. Layi na tara, hatimin inji yana nan yadda aka sa shi. Ki sa hannu kafin a buɗe."

Na karɓi biro. Bopu ya ɗan taka mini ƙafa. Appa yana gefe da hularsa ta kaki, idonsa a ƙasa. Na ɗora bakin biron a kan takarda har ya yi ɗigo.

"Ba ya nan yadda aka sa shi," na ce.

"Me kika ce?"

"Hatimin ya tsinke ranar Talata. Kakarmu ce ta yanke wajen yi wa mota ado. Ba a buɗe injin ba, amma ya tsinke. Muna sanar da hukuma kafin dubawa."

Mai tabarau ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Kaka! Bana kuma kaka ce? Somaiah, ashe ɓeran gidanka sari yake ɗaurawa!" Mutanensa suka taya shi. Wani daga baya ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kushal ya ɗaga murfin. Ya sunkuya ya kama wayar da yatsa biyu, ya daɗe yana kallonta. Ya ciro almakashi ya datse ta ya jefa a aljihu, sannan ya matso kusa da Bopu ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji.

"Anna, ni bahago ne. Da na buɗe kafin ta yi magana, da shekara guda zan rubuta. Ka gode mata."

Idon Bopu ya sauka a wuyana, inda zoben ya leƙo ta saman zif.

Appa ya tako a hankali ya cire hularsa. "Me kake jira, yaro? Rubuta. Minti goma. Ni na kawo dokar, na san abin da ta ce." Kushal ya rubuta, ya zura sabuwar waya, ya murɗa ta hagu, ya matse. Appa ya mayar da hularsa ya wuce ta gabana, kafaɗarsa har ta gogi tawa, bai dube ni ba.

Ƙarfe goma sha biyu saura muna cikin layin tashi na zangon farko. An ɗaure ni da bel tamau, littafin hanya a cinyata. Kafin in jefa wayata a aljihun ƙofa na ga saƙo biyu. Na farko daga Avva.

*Appanki ya ce a gaya wa mutanen nan kada su wahalar da kansu ranar Litinin. Kin kyauta.*

Na biyu daga Kushal.

*Ko an buɗe mana ƙofa ko ba a buɗe ba, Litinin muna tafe. Ki kula da kanki a tudun nan.*

Hawaye ya taru mini, ga shi cikin hular kwano ba a iya share ido. Motar gabanmu ta tashi ta bar mu cikin jar ƙura. Bopu ya matsa kan layi. Tun safe bai ce mini uffan ba, sai yanzu na ji muryarsa a kunnena ta cikin igiyar maganar da ke haɗa hulunanmu, a sanyaye, ba faɗa.

"Jiya kina tsaye ina murɗawa."

"Ina tsaye."

"Kin gani."

"Na gani, Anna."

"Da kin faɗa mini, da shi kansa bai gane ba."

"Haka ne."

"Shekara shida duk abin da kika gani a gabana kina gaya mini. Ashe akwai wanda kike gani ki yi shiru."

"Anna, wannan daban, hanya daban. Ka saurare ni, don Allah..."

Mai ba da izinin tashi ya sunkuyo gaban gilashi ya ɗaga hannu, yatsu biyar a buɗe. Bopu ya kai hannu gefen hularsa na wajen ƙofa, inda bel ba zai bar ni in kai ba, ya zare igiyar. Kunnena ya yi ɗif, sai rurin inji kawai. In babu igiyar nan, ko ihu na yi ba zai ji ba, ga tudu da rafi suna jiranmu a kilomita biyu, da layi biyu na jan biro a ƙarƙashinsu.

Yatsu huɗu. Na lalubo igiyar a tsakanin kujerunmu na miƙa masa. Uku. Na daki hannunsa da ita, ina kiran sunansa, sunan da ban taɓa kira gatsau ba tun da aka haife ni. Biyu. Idonsa yana kan hanya, hannuwansa biyu a kan sitiyari, hannuna yana miƙe a tsakaninmu da igiyar a ciki.

Mutumin ya naɗe yatsansa na ƙarshe, Bopu ya saki kuloci.